Falo da Kicin Babu Bango a Tsakani: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Yawancin wasiƙun wannan watan kan abu ɗaya suka taru: gidajen da aka haɗe falo da wurin cin abinci, wasu har da kicin, a fili guda. Masu zanen gine-gine da masu tsara cikin gida da ke amsa tambayoyin wannan shafi ne suka duba su. Duk awon da ke ƙasa da mita da santimita ne, sai inda ’yan kasuwa suka saba da inci.

Tambaya: Falona da wurin cin abinci a haɗe suke, tsawo mita 8, faɗi mita 4.5. Ƙofar shigowa tana kusurwar wani gefe, kicin yana can ɗaya ƙarshen. Na jera kujerun mutum bakwai a jikin bango, talabijin yana tsakiyar doguwar katanga. Duk mai zuwa kicin sai ya gilma ta gaban masu kallo, kuma falon ya ƙi yin kyau duk da kuɗin da na kashe. (Wata uwargida daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, kujerunki ba su da laifi. An ajiye su ne kafin a ware hanya, sai mutane suka fitar da tasu hanyar ta tsakiyar falo. A fili irin wannan, hanya ake fara fitarwa, sannan a raba abin da ya rage.

Ki samu tef ɗin awo da alli. Daga ƙofar shigowa ki ja layi a ƙasa, ki bi jikin doguwar katangar da ƙofar ke kusa da ita har bakin kicin, faɗinsa mita 1. Idan wuri ya matse, kada ya gaza santimita 90, domin ƙasa da haka mai ɗauke da tire ko kular abinci sai ta karkace kafin ta wuce. Cikin wannan layin ba a ajiye komai, ko da tukunyar fure ce. Yanzu kin rage da faɗin mita 3.5 na zama.

A cire talabijin daga doguwar katanga a mayar da shi gajeren bangon da ƙofar shigowa take, a tsakiyar mita 3.5 ɗin nan. Wanda ya shigo zai bi ta gefensa ya wuce, ba zai shiga tsakaninsa da masu kallo ba. Sai ki janyo doguwar kujera mai cin mutum uku daga jikin bango, ki gicciya ta a tsakiyar ɗaki, fuskarta na kallon talabijin, bayanta na kallon wurin cin abinci. Gabanta ya kasance mita 3 daga bangon talabijin. Irin wannan kujerar tsawonta kan kai santimita 210 zuwa 220, zurfinta kusan 90, saboda haka za ta zauna ba tare da ta ci hanyar ba. Ita ce za ta zama iyaka tsakanin falo da wurin cin abinci. Mai cin mutum biyu ta zauna a jikin ɗaya doguwar katangar, a kusurwar da ta rage tsakaninsu a sa ƙaramin tebur da fitila. Mai zaman mutum ɗaya ta zauna a ɓangaren hanya, tana fuskantar mai cin mutum biyu.

Kujera ta huɗu fa, ɗaya mai zaman mutum ɗayan? Ki kai ta ɗakin kwana. Ana sayar da kujeru a seti ne, ba don an auna falonki ba, kuma babu dokar da ta ce sai sun zauna wuri guda. Ranar da baƙi suka yi yawa a fito da ita.

Tsakanin bakin kujera da teburin tsakiya a bar santimita 40 zuwa 45: hannu zai kai ga kofi, gwiwa ba za ta bugu ba. A wannan tsarin tebur mai faɗin santimita 60 ya isa. Manyan teburan gilashin nan masu mita ɗaya za su toshe wurin. Kafet kuma ya zama babba, kamar mita 2 da 3, yadda ƙafafun gaba na kowace kujera za su hau kansa. Ƙaramin kafet da ke ƙarƙashin tebur kaɗai yana sa kujeru su zama kamar ba su san juna ba.

Nisan kallo yana tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na girman allon. Talabijin mai inci 55 yana son mita 2.1 zuwa 3.5, ya dace da wannan zaman. Idan naki mai inci 43 ne, ki matso da kujerar zuwa mita 2.3. Tsakiyar allon ta yi daidai da idon wanda ke zaune, wato kusan santimita 105 zuwa 115 daga ƙasa. Masu kafawa suna yawan ɗaga shi can sama don ya burge mai shigowa, daga baya masu gida su kwana da ciwon wuya.

Bayan kujera sau da yawa ba shi da kyan gani, wani ma yadin a ɗinke yake da ƙusa a waje. Ki sa kafinta ya yi miki doguwar durowa mai zurfin santimita 35, tsayinta ya ɗan gaza na bayan kujerar. Za ta rufe bayan, ta kuma ɗauke faranti da kofuna da ledar cin abinci. Daga nan akwai sauran kusan mita 3.7. Teburin mutum shida, santimita 90 da 180, ya kwanta a gicciye kamar kujerar, da santimita 90 a kowane gefe don jan kujera. Ya ci mita 2.7, saura mita ɗaya na shiga kicin.

Kafin ki kira masu ɗaga kaya, ki zana duk wannan a ƙasa da alli, ki yi zirga-zirgar yini guda kina bin layin. Gyaran alli ba ya cin ko sisi.

Tambaya: Gidan da muka kama, da zarar baƙo ya shigo falo idonsa kan kicin yake sauka. Maiɗakina ba ta sakewa idan abokaina suna nan. Ba na son gina bango tunda gidan haya ne. Mene ne mafita? (Wani magidanci daga Abuja)

Amsa: Malam, wannan ita ce babbar matsalar irin wannan gini a gidajenmu. An ɗauko tsarin ne daga inda mai girki ke hira da baƙi tana aiki, alhali mu zaure muka gada, wanda aikinsa shi ne kada idon baƙo ya faɗa tsakar gida. Abin da za ka yi shi ne ka dawo da aikin zauren ba tare da bulo ba.

Fara da gano ta ina ake gani. Ka tsaya a bakin ƙofa, sannan ka zauna a kan kowace kujera, wani ya tsaya a gaban murhu da wurin wanke-wanke, ka lura daga ina ake hango shi. Sau da yawa wuri biyu ne kawai: bakin ƙofa da kujera ɗaya. Kujerar a juya ta. Kujerun baƙi su ba kicin baya, na masu gida su fuskance shi.

Bakin ƙofa kuma allon kariya yake so. A tsayar da shi kimanin santimita 120 daga ƙofar, faɗinsa 120 zuwa 150, tsayinsa aƙalla mita 2, yadda mai shigowa zai karkata zuwa wurin zama. Idan aka yi shi da kantocin ajiya ta ɓangaren ƙofa, ya zama wurin takalma. Sai dai a ɗaure shi da bango ko a yi masa gindi mai nauyi, don yara na hawa irinsa.

Ka yi hattara da abu biyu da ake yawan sayar wa mutane. Na farko rabin katanga ko kanta mai tsayin santimita 110 zuwa 120: tana ɓoye tukwane da kwanuka, amma idon mutum a tsaye ya haura santimita 150, saboda haka ba ta ɓoye mai girki. Na biyu jerin katako a tsaye masu tazara. Suna da kyau, iska na wucewa, amma suna kare gani ne daga gefe kawai; wanda ya tsaya saitinsu yana gani sarai, balle da dare idan fitilar kicin ta fi ta falo haske. In za a yi su, kowane katako ya yi zurfin santimita 10, tazara kada ta wuce 4, a ɗan karkata su zuwa ɓangaren da ba a zama.

A gidan haya, mafi sauƙi shi ne labule mai kauri daga silin har ƙasa, a kan layin dogo na alminiyam. A sayi yadi ninki biyu na faɗin wurin don ya yi tattara, kuma ya yi nesa da murhu da aƙalla mita ɗaya. Idan silin na POP ne, kada a ɗaure layin a jikin farar ƙasar kaɗai, zai zazzago. A nemo katako ko ƙarfen da ke sama. Wanda ya fi labule shi ne ƙofa mai zamewa ta alminiyam da gilashi mai duhu, domin ita tana tare ƙamshi da sanyin AC ma. Ka nemi amincewar mai gida a rubuce kafin a huda masa bango.

Ka kuma duba ko uwargida za ta iya fita daga kicin zuwa ɗaki ba tare da ta ratsa ta gaban baƙi ba. Idan ƙofar ɗakuna tana kusa da kicin, labulen ya haɗa da ita a bayansa.

Tambaya: Duk ranar da na yi suya ko miyar daddawa, sai labule da kujeru su kwana biyu suna ƙamshin girki. Akwai na’urar zuƙe hayaƙi a saman murhu amma kamar ba ta aiki. (Wata ’yar uwa daga Kano)

Amsa: ’Yar uwa, ki leƙa samanta ki gani ko akwai bututun da ya fita waje. Da yawa ana kafa su ne babu bututu, sai su zuƙi hayaƙin su tace ɗan maiƙo su dawo da iskar cikin ɗaki. Wasu masu aikin ma cikin silin suke sakin bututun, maiƙo ya taru a can, ya jawo kyankyasai, ya zama abin da wuta za ta iya kamawa.

Bututun ya fita ta bango kai tsaye, faɗinsa inci 6, tsawonsa kada ya wuce mita 3, lanƙwasa ɗaya ko biyu kawai. Idan aka rage shi zuwa inci 4, ƙara za ta ƙaru, zuƙa ta ragu. A bakinsa na waje a sa murfi mai raga saboda ƙurar hunturu da ƙadangaru. Na’urar ta zauna santimita 65 zuwa 75 a saman murhun gas, faɗinta kada ya gaza na murhun. A buɗaɗɗen kicin a nemi wadda aka rubuta tana zuƙar aƙalla mita kubik 600 a awa. Ragar ƙarfen da ke ƙasanta a cire ta duk sati biyu zuwa uku, a jiƙa a ruwan zafi da garin sabulu. Idan ta toshe da manja, injin zai yi ta kuka a banza.

Yadda ake amfani da ita ma yana da tasiri. Ki kunna ta kafin mai ya yi zafi, ki bar ta minti goma bayan kin sauke. Ki ɗan buɗe taga a can ɓangaren falo, domin iskar da ta fita sai wata ta maye gurbinta, kuma haka iska za ta riƙa tafiya daga falo zuwa kicin. Fankar sama a kashe lokacin suya, ita ce ke watsa hayaƙin cikin labule. Tunda wutar na’urar ba ta da yawa, a haɗa ta da layin inbata idan akwai.

Duk da haka, akwai girkin da bai dace da buɗaɗɗen kicin ba: toya manja har ya yi fari, suyar kifi mai yawa, babbakar kai da ƙafa, suyar naman layya. Waɗannan na bayan gida ne, ƙarƙashin rumfa. Gawayi kuwa kada ya shigo ko kaɗan, musamman idan an rufe tagogi don AC, saboda iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Tukunyar gas ma gara ta zauna waje a inuwa a jawo bututu. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi, kuma a nan babu ƙofar da za ta hana shi isa falo.

Tambaya: Ina so in fasa bangon da ke tsakanin falo da ɗakin cin abinci. Birkila ya ce aikin kwana biyu ne. In ba shi? (Wani Alhaji daga Sakkwato)

Amsa: Alhaji, a dakata tukuna. Fasawa kam kwana biyu ce, amma birkila ba shi ne zai ce bango na ɗauke da nauyi ko a’a ba. Wannan aikin injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma kuɗin dubawarsa bai kai na gyaran dekin da ya tsage ba.

Alamun da ke sa a ji tsoro: bangon na bulo mai inci 9 ne, akwai dekin ko bene a samansa, akwai wani bango a sama daidai saitinsa, katakon rufi ko tankin ruwa na zaune a kansa. Bulo mai inci 6 ma ba tabbaci ba ne, domin a gidaje da yawa marasa bene a kansa kafinta ya ɗora katakon rufi. Sai an buɗe silin an leƙa.

Idan yana ɗauke da nauyi, ana iya cire shi, amma da tsari: a tokare sama ta ɓangarori biyu kafin a taɓa bulo ɗaya, a zuba bim na kankare da rodi ko a sa na ƙarfe bisa lissafin injiniya, a tabbatar ginshiƙan da zai zauna a kai da harsashinsu za su ɗauka. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kada a cire tokara sai injiniya ya ce. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga tsaga a kusurwa, ƙofofi su fara ƙin rufuwa.

A lissafin kuɗi a haɗa da abin da ke cikin bangon: wayoyin lantarki, makunnai, wani lokaci bututun ruwa. Sannan gurbin bangon zai bar rami a tayil da silin, kuma sau da yawa ƙasan ɗakunan biyu ba daidai suke ba, ko tayil ɗin ya ƙare a kasuwa. Ana rufe gurbin da dogon dutsen giranit mai launi daban, ya fi a yi ta neman mai kama. Idan haske da iska kawai ake nema, buɗe ƙofa mai faɗin mita 1.8 zuwa 2.4 da linta mai kyau ya wadatar, kuma ragowar bangon gefe da gefe zai ba da wurin jingina kaya, wanda shi ne abin da buɗaɗɗen falo ya fi rasawa.

Tambaya: AC mai doki ɗaya da rabi ba ya sanyaya falonmu, yini yake yana aiki. (Wani mai karatu daga Maiduguri)

Amsa: Malam, ba ka faɗi girman falon ba, amma ga lissafin: a irin zafin garinku ana ba kowace murabba’in mita BTU 600 zuwa 700 (BTU shi ne awon ƙarfin sanyayawar AC). Doki ɗaya da rabi BTU 12,000 ne, wato na ɗaki mai murabba’in mita 17 zuwa 20. Falo mai mita 8 da 4.5 murabba’i 36 ne, yana son ninki biyu, kafin a ƙara zafin murhu. Ƙananan guda biyu sun fi babba ɗaya: ɗaya a wurin zama, ɗaya a wurin cin abinci, a kunna na inda ake. Kada iskar ta doshi murhu. Tagar yamma a kare ta daga waje da rumfa, domin labule yana tare rana ne bayan zafin ya riga ya shigo. Kowane ɓangare ya sami fankarsa, mai inci 56, fukafukanta aƙalla mita 2.3 daga ƙasa.

Tambaya: Mu a ƙasa muke cin abinci, teburin ya zama wurin zuba jakunkunan makaranta. Kuma ba mu da wurin da za mu yi jam’i da yara sai mun ture kujeru. Ya dace in fitar da teburin? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, ki fitar da shi. Tebur da kujerunsa shida suna cin fili kusan murabba’in mita 10, kuma ba a ba kayan da ba a amfani da su irin wannan wurin don kawai maƙwabta suna da shi.

Shimfiɗar mutum shida a ƙasa tana son kimanin mita 2 da 2.5. Ki sa kafet mai gajeren gashi, wanda tsintsiya ke iya fitar da shinkafa daga cikinsa, da tim-tim a jikin bango. Wurin nan kuma shi ne masallacin gida. Kowane sahu yana son zurfin santimita 120, kowane mutum faɗin 60. A arewacin Najeriya alƙibla gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, saboda haka sahu ba lalle ya yi daidai da bango ba. Ki bar rarar wuri don karkatar. Abin lura shi ne hanyar kicin ta bi ta bayan masu sallah, kada a riƙa gilmawa ta gabansu. Idan ba yadda za a yi, gajeriyar durowa a gaban liman ta zama sutura.

Jakunkunan kuma za su koma kan kujera idan ba a ba su gida ba. Kafinta ya yi dogon benci a jikin bango, tsayi santimita 45, zurfi 40, da murfi ko durowa: ɓangare ɗaya na dardumai da hijabai, ɗaya na kayan makaranta, kowane yaro da gurbinsa. Idan murfi ne, a sa masa maƙalin da ke hana shi faɗowa kan yatsu. Ki ajiye ƙaramin tebur mai naɗewa don aikin gida na yara da kuma tsofaffin da zaman ƙasa ke yi wa wuya.

Tambaya: Na janye kujeru zuwa tsakiya kamar yadda ake ba da shawara, sai ga waya na bin ƙasa, fitilar sama ba ta saitin komai, kuma murya na amsa-kuwwa. (Wata amarya daga Katsina)

Amsa: Amarya, waya kada ta tsallaka hanyar wucewa, kada kuma a tura ta ƙarƙashin kafet, inda za ta yi zafi ko ta gurje ba a gani ba. Ki duba ɓangaren kujerar da ya fi kusa da bango, mai wayarin ya jawo soket ta cikin kwaroron roba a jikin gindin bangon zuwa teburin kusurwa. Masu sabon gini su sa soket na ƙasa mai murfi tun kafin a yi tayil.

Fitila kuma a raba makunnai: wurin zama daban, wurin cin abinci daban, kicin daban, don kada a haske duka fili saboda mutum ɗaya. Falo ya fi daɗi da ƙwai mai ɗan ja, wanda aka rubuta 3000K a kwalinsa. Kicin yana son 4000K, da ƙarin fitila ƙarƙashin kabad ɗin sama don inuwar mai girki kada ta faɗa kan wuƙa. Fitilar da ke rataye saman tebur ta sauko zuwa santimita 75 ko 80 daga fuskarsa. Idan mahaɗarta ba ta saiti, a sa ƙugiya a silin a karkato da igiyar. Ƙananan fitilun silin su yi nesa da fukafukan fanka da aƙalla rabin mita, in ba haka ba hasken zai riƙa ƙyafta ido.

Amsa-kuwwar daga tayil da POP da gilashi take, duk ba sa shan sauti. Babban kafet da soso a ƙarƙashinsa, labule mai tattara har ƙasa, da kantar littattafai ko allon yadi a bangon da ke fuskantar talabijin za su rage ta sosai. Ƙafafun kujerun cin abinci a manna musu roba, firji kuma a matsar da shi daga bangon da ke kusa da wurin zama.